Hannu da Hannu: Daga Wuri zuwa Wayar Salula a Ƙasar Rano

Hausawa na cewa hannu da hannu, cinikin makaho. Mutane kan faɗe ta da wasa, amma ƙa'idar kasuwa ce tsantsa: duk wanda ba shi da halin bin sawun wanda ya cuce shi, ba ya sakin kayansa sai ya ji kuɗi sun zauna a tafin hannunsa. Manomin Zinyau, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Rano a kudancin jihar Kano, a irin wannan matsayi yake duk ranar da ya ɗaura buhun masara ko na dawa a bayan babur ya nufi kasuwa. Mai sayen na iya zama baƙo daga Dawanau wanda ba zai sake ganinsa ba sai wata kaka, banki ba a ƙofar gidansa yake ba, kai ƙara kuwa ya fi ƙarfin kuɗin buhu ɗaya. Yanzu ga shi ana yi masa albishir da wata hanyar biya wadda sunanta ma ya ci karo da karin maganar, wato biya ba tare da taɓawa ba, inda mai saye zai kusanto da wayarsa ko katinsa ga wata 'yar na'ura, ta yi ƙara, a ce an gama. Babban Bankin Nijeriya ya fitar da ƙa'idojin wannan tsari a watan Yunin 2023, ya ƙayyade naira 15,000 a biya ɗaya da naira 50,000 a yini, abin da ya haura haka sai da lambar sirri ko makamancinta. Masu tallata tsarin sauri suke yabo. Ni kuwa ina ganin tarihin kuɗi a wannan yanki ya nuna cewa sauri bai taɓa zama abin da ya sa talaka ya karɓi wani kuɗi ko ya ƙi shi ba. Tun zamanin wuri abin da yake dubawa shi ne ko zai iya tabbatarwa da kansa, nan take, cewa an biya shi, ko kuɗin na gutsuruwa har su kai ƙwayar cinikinsa, da kuma ko wani daga nesa na iya kashe masa su yana barci.

Ƙasar Rano ba baƙuwar kuɗi ba ce. Tana cikin Hausa Bakwai, kuma a rabon aikin da labarin gargajiya ya yi wa zuriyar Bawo, Kano da Rano ne sarakunan baba, wato masu rini, kamar yadda Katsina da Daura suka zama sarakunan kasuwa. Ko mutum bai ɗauki labarin a matsayin tarihi ba, yana nuna abin da aka san yankin da shi: auduga da saƙa da karofi. A ƙarni na 19 garuruwan da ke kudu da birnin Kano, Kura a kan gaba, su ke rina baƙin rawanin nan mai ƙyalli da ake kira ɗan Kura, wanda Buzaye ke naɗawa a tsakiyar Sahara. Sana'a irin wannan tana ratsa hannaye da yawa. Mace ta kaɗa zare a cikin gida ta ba da a sayar, masaƙi ya saƙa, maɗinki ya haɗa, marini ya tsoma, mabugi ya buga, dillali ya ci la'adarsa, kuma kowannensu kaɗan-kaɗan ake biyansa. Kuɗin da suka iya wannan aiki su ne wuri. Tarihin sarakunan Kano ya sanya zuwan wuri ƙasar Hausa a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731. Asalin wuri daga tsibiran Maldif ne a Tekun Indiya, ya bi jiragen ruwa da ayari har ya faɗo hannun mai sayar da daddawa a ƙauyukan Rano da Kibiya.

Idan sauri ne ma'auni, da wuri bai kwana ko shekara ɗaya a kasuwa ba. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zauna a Tasawa a farkon 1851 yana kallo, yana kuma sa hannu, ana ƙirga wuri 500,000. Ana zube su a ƙasa, ana ja da yatsu biyar-biyar, a haɗa ashirin ya zama hauya ɗaya, a tsiba hauya goma wuri ɗaya, a ci gaba har a kai zambar, sannan a ɗinke 20,000 a cikin keso. Sai da mutum biyar ko shida suka taru kafin aikin ya kammala. Ya kuma lura cewa ko da an kawo keso a ɗinke, ɗan kasuwa ba ya karɓa sai ya farke ya ƙirga da kansa. A Kano a shekarar, wuri 2,500 ne riyal ɗaya na azurfa, daidai da kuɗin ƙasar da magidanci ke biya, ana kuma karɓar 700 a kan kowace rijiyar rini. Kuɗi ne masu cin lokaci da ƙarfi, amma sun yi kusan shekara ɗari biyu suna juya kasuwa, kuma dalilin a bayyane yake. Yin jabun wuri ya fi samun na gaskiya wahala. Ba a bukatar karatu kafin a san adadinsa, makaho ma na ƙirga shi. Da ƙwaya kaɗan ana sayen abin da ya fi komai araha a tire. Sannan ba hatimin wani sarki a jikinsa, balle a wayi gari wani sarkin ya ce ya soke shi.

Bai kamata a yi wa wuri ado fiye da kima ba. Nauyinsa ya kassara shi a babban ciniki, kuma da 'yan kasuwar Hamburg suka fara jido wani nau'insa daga Zanzibar a tsakiyar ƙarni na 19, sai ya yi yawa, darajarsa ta zube. Baturen Ingila Charles Henry Robinson, wanda ya zo Kano a 1894, ya ba da labarin dokinsu da ya yi rashin lafiya a hanya suka kasa sayarwa, domin ɗaukar wurin da za a biya su sai da 'yan alaro 15, waɗanda ladansu zai cinye kuɗin ya nemi ƙari. Saboda haka manyan fatake suka riƙa adana dukiya a riyal da dawaki da tufafi, har da bayi, abin da ba ya ɓoyuwa a tarihinmu. Abin da ya fi jan hankali shi ne yadda suke ciniki ba tare da kuɗi sun sauya hannu nan take ba. Bafataken da ya sauka a Salaga sayen goro, ko ya kawo kanwa Kano, a gidan fatoma yake sauka. Fatoma ne ke ajiye masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa a kan bashin da za a biya daga baya. Ashe biyan da ido bai gani ba tsohon abu ne a ƙasar Hausa, sai dai kullum akwai mutumin da ke tsaye a bayansa, mai suna da zaure, wanda za a iya sallama masa da asuba idan magana ta tashi.

Da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairun 1903, sun so su ture wuri, suka hana shigo da shi, suka matsa a biya haraji da kuɗinsu. Amma sule da sisi sun yi wa kasuwar ƙauye girma, mai sayen gishirin miya ba ta da abin yi da su. Sai da aka bugo anini wajen 1908, kashi ɗaya cikin goma na kwabo, mai huda a tsakiya da ake zurawa a zare, sannan kuɗin Bature suka fara shiga inda wuri ke shiga. Harshe ya adana shaidar wannan sauyi: rabin kwabo da muke kira ɗari ya samu sunansa ne daga wuri ɗarin da yake daidai da su. Jirgin ƙasa ya fara jigila daga Kano a 1912, gyaɗa ta yi kasuwa, sulallan azurfa suka kwararo ƙauyuka, manomi ya karɓe su da hannu biyu domin yana iya jefa su a kan dutse ya ji amonsu, ya binne su a tukunya, matarsa ma ta kai wa maƙeri. Takardar kuɗi kuwa, wadda Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma ta fara fitarwa a 1916, ta sha ƙi. Gara na cin ta, gobara na lashe ta, ruwa na jiƙa ta, kuma rubutun jikinta ba kowa ke karantawa ba. Bayan Yaƙin Duniya na Farko, da sulalla suka yi ƙaranci, an riƙa canza takarda ƙasa da abin da aka rubuta a jikinta. Hatta labarin da ya shahara na Alhassan Ɗantata, cewa a 1929 ya kai wa bankin Turawa a Kano ajiyar kayan raƙuma 20, sulallan azurfa ne a ciki. Wannan ƙi da aka yi wa takarda lissafi ne na mutumin da ya san abin da ke iya faruwa da dukiya a ɗakin ciyawa, kuma kuskure ne a kira shi jahilci.

Takarda ta samu karɓuwa daga baya, har ta samu sunayen gida irin su 'yar Murtala, naira 20 ɗin da aka fitar a 1977, kuma har gobe akwai dattijan da ke kiran naira 200 jaka, domin fam 100 ke nan a tsohon lissafi. Amma ta zo da wani ciwon da wuri bai sani ba. A watan Janairun 1968, ana cikin yaƙin basasa, gwamnati ta sauya takardun kuɗi. A ranar 1 ga Janairun 1973 fam da sule suka ba naira da kwabo wuri. A watan Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta sauya launin naira, ta rufe iyakoki, ta ba da wa'adin da bai kai mako biyu ba, kuma waɗanda suka fi ji a jikinsu su ne na nesa da banki. A 2007 aka cire rubutun ajami daga ƙananan takardu, wanda shi ne rubutun da almajirin allo ke iya karantawa. Sai kuma na baya-bayan nan, wanda ba wanda ya manta. A ranar 26 ga Oktoban 2022 gwamnan Babban Banki, Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar sake fasalin naira 200 da 500 da 1,000, aka sa wa'adin 31 ga Janairun 2023, aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Tsofaffin suka koma banki, sababbin ba su fito da yawa ba. Kaya ɗaya ya zama yana da farashi biyu, mai tsabar kuɗi ya saya da rahusa, mai taransifa ya ƙara, tamkar yadda aka yi wa takarda shekara ɗari da suka wuce. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara Kotun Ƙoli, Kano da wasu suka bi, sai a ranar 3 ga Maris kotun ta ce tsofaffin takardu su ci gaba da aiki. Mutumin da ya ga haka sau uku ko huɗu a rayuwarsa yana da hujja idan ya tambaya wane ne ke riƙe da makullin sabon tsari.

Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a watan Agustan 2001. A Kenya kamfanin Safaricom ya fara M-Pesa a 2007, kuɗi suka riƙa tafiya ta ƙaramar waya mai madannai, amma ƙa'idar da Babban Bankin Nijeriya ya fitar a 2009 ba ta bar kamfanonin waya su jagoranci harkar ba, sai a 2022 MTN da Airtel suka buɗe nasu bankunan biya. An shigar da Kano tsarin rage amfani da tsabar kuɗi a watan Yulin 2013, shekarar da aka fitar da ƙa'idar wakilan banki. Daga nan ne, musamman da OPay da PalmPay da Moniepoint suka bazu, aka samu sana'ar da ta fi kowace sauya kasuwar ƙauye, wato mai POS da lemarsa da teburinsa. A duba aikin da ya fi yi: mutum ya ba shi kati ko ya tura masa, shi kuma ya ƙirgo masa takarda. Na'urar da aka kawo don rage tsabar kuɗi ta zama hanyar samunsu. Mai POS ya kuma gaji wani ɓangare na aikin fatoma, domin shi ne fuskar da aka sani, shi ake karɓar kuɗi ta asusunsa, shi ake komawa idan an cire ba a bayar ba. Inda babu shi, ga yadda ciniki ke kasancewa. An yi tayi, an ce albarka, an ƙara, an sallama, an auna, an ɗinke buhu. Mai saye ya nuna fuskar wayarsa ya ce ya tura. Mai kaya ya ciro tasa daga aljihu, ya ɗaga ta sama yana neman sabis, ƙafarsa ɗaya a jikin buhun, direba na danna ham. Idan bai iya karatun boko ba sai ya miƙa wa wani yaro ya duba masa. Alat bai shigo ba, ko ya shigo amma ba a san na gaske ne ko na bogi ba. A wannan 'yan mintuna duk wata magana ta fasahar biya take ƙarewa.

To mene ne sabon tsarin ke kawowa? Fasahar da ake kira NFC sadarwa ce ta kurkusa, tana aiki a kan zango 13.56 na megahaz, kuma ba ta wuce tazarar kamar santimita 4, faɗin yatsu biyu ko uku. Na'urar mai sayarwa tana fitar da wani ƙarfi na maganaɗisu, wata siririyar waya da aka naɗe a cikin kati ko bayan salula ta kama shi, su yi musayar bayani cikin ƙiftawar ido. Kusancin da kansa kariya ne, domin da wuya wani ya saurara daga nesa. A wayoyin zamani ba a ma aika lambar katin ta ainihi. Ana ajiye wata lamba ta wakilci a madadinta, kuma kowane biya na tafiya da hatimin sirri da ba ya aiki sau biyu, ta yadda ko an sace bayanin ba abin da zai saya. Wasu wayoyin na ɓoye makullan a wani keɓaɓɓen guntu a cikinsu, wasu kuma, tun daga 2013, manhaja ce ke kwaikwayon katin tana karɓo makullai ta intanet. Ba jiya aka fara ba: Hong Kong ta fitar da katin Octopus a 1997, Japan ta sa tsarin a waya a 2004, Apple Pay ya fito a Amurka a 2014. Abin lura shi ne inda ya fara kafuwa, wato ƙofofin jiragen ƙasa da motocin haya na manyan birane, inda dubban mutane ke turereniya kuma daƙiƙa ɗaya na da daraja. Matsalar da aka ƙirƙire shi don warwarewa layi ne. Matsalar mai buhu a Zinyau kuwa ita ce tabbaci.

Ƙarar da na'ura ke yi ba tana nufin kuɗi sun iso ba. A tsarin kati, amincewa daban, sauke kuɗi a asusun mai kaya daban, kuma a tsakaninsu akwai bankin mai saye da na mai sayarwa da kamfanin da ke haɗa su. Idan saƙo ya yanke a hanya, sai a cire wa wannan ba a saka wa wancan ba. Babban Banki da kansa, a umarnin da ya bayar a 2020, sa'a 72 ya ba bankuna su mayar da kuɗin da suka maƙale a cinikin POS. Kwana uku ba komai ba ne ga ma'aikaci mai albashi, amma ga wanda ya sayar da hatsi don ya sayi magani a ranar, ko don ya biya 'yan ƙwadago da yamma, babban abu ne. Duk da haka dole a ba tsarin haƙƙinsa: ya fi taransifa ta wannan fuska, domin shaidar biya na fitowa ne daga na'urar mai kaya, ba daga hoton da mai saye ya nuna ba, saboda haka alat na bogi ya rasa ƙofa. Abin da ya rage shi ne a sa shaidar ta zama wadda kowa ke ganewa. A Indiya kamfanin Paytm ya raba wa masu tireda wani ɗan akwati mai lasifika da ke faɗar adadin kuɗin da suka shigo da babbar murya, cikin harshen wurin. Akwati irin wannan da zai ce an karɓi naira dubu biyar da Hausa, a gaban mai saye da mai sayarwa da 'yan kallo, ya fi kusa da tsibin wuri a ƙasa fiye da duk wani rubutun Turanci a fuskar waya. Malamai ma sun riga sun share fagen. Littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, irin su Risala da Muhtasar, sun shardanta karɓa hannu da hannu a canjin zinariya da azurfa, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta ɗauki shigar kuɗi asusun mutum a matsayin karɓa. Sharaɗin ke nan: su shiga, ya zama yana iya taɓa su.

Iyakar naira 15,000 ta nuna inda tsarin zai zauna. Buhun masara ya daɗe da wuce wannan farashi, saboda haka biyan da ba lambar sirri na mudu ne da kwano da kuɗin babur da ƙosai, daidai gurbin da wuri da anini suka cike. Kuma gurbin a buɗe yake, tun da sulalla sun ɓace, naira 5 da 10 ba sa sayen komai, rigimar canji kuma ta zama ruwan dare. Amma ƙaramin ciniki ba ya ɗaukar caji. Harajin naira 50 na kan taransifar da ta kai 10,000 ne, sai dai ko naira 6.98 da aka sa a 2021 a kan kowane amfani da lambobin banki ta ƙaramar waya ta isa ta cinye ribar mai sayar da abin naira 100. Akwai kuma batun waye zai riƙe na'urar. Mai bincike Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa a shekarun 1960, ta nuna yawan cinikin da matan aure ke yi daga cikin gida ta hannun yara, kuma har yau haka abin yake. Yarinyar da ta fito da tiren ƙuli-ƙuli ko gyaɗa ba ta da waya, ba ta da asusu, uwarta kuma da yamma take jiran lissafi. Yawancin wayoyi masu araha da ke hannun mutane ba su da NFC. A gidaje da dama waya ɗaya ce ta kowa, kuma tana yin sa'o'i a shagon mai caji, a jere da wasu hamsin, cikin hannun da ba na mai ita ba. Idan an tsara manhaja ta biya ba tare da buɗe waya ba, naira 50,000 a yini na iya zama jarin mutum gaba ɗaya. Shi ya sa nake ganin kati ya fi waya dacewa a ɓangaren mai saye. Ba ya bukatar batir domin daga na'urar mai kaya yake jan wuta, yana da araha, ana iya zuba masa kaɗan a bar sauran a asusu. A Legas da irinsa ake shiga motocin BRT, kuma sunan da suka ba shi, Cowry, wuri yake nufi.

Saura tambayar da ta fi nauyi, ta wanda ke iya kashe kuɗi daga nesa. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya, da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, saboda yaƙi da 'yan bindiga, wasu wuraren suka yi watanni a haka. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, harkar bankuna ta tangaɗa. A watan Oktoban shekarar, yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda ba wutar lantarki. Ko a ranar da komai ke lafiya, sabis a ƙauye na zuwa ne yana tafiya. Duk tsarin da sai ya tambayi wata kwamfuta a Legas kafin a sayi mudun gero, ya ɗora kasuwar Zinyau a kan igiyar da ba mutanen Zinyau ke riƙe da ita ba. Fasahar kurkusa na da amsa a nan wadda taransifa ba ta da ita, domin kati da na'ura na iya gama magana tsakaninsu ba tare da intanet ba, kuɗin na ajiye a guntun katin, na'ura ta rage, ta rubuta, ta aika bayani idan sabis ya dawo. Masana za su ce wannan na buɗe ƙofar kashe kuɗi ɗaya sau biyu, ko amfani da katin da aka sace kafin labari ya iso. Gaskiya ne, kuma maganinsa sananne ne: a ƙayyade adadi, a sa guntun ya ƙirga sau nawa aka biya kafin ya nemi haɗuwa da banki, asarar da ta rage kuma kamfanin da ke cin riba ya ɗauka. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a bar wa mai tire asarar, domin ranar da aka ce mata biyan jiya bai tabbata ba, ita da maƙwabtanta sun gama da na'urar.

Akwai masu cewa duk wannan jan magana ne, tun da 2023 ta riga ta koya wa kowa taransifa, kuma matasa ba sa jiran kowa. Lallai an koya, amma koyon dole ne, kuma da takarda ta dawo mutane da yawa sun koma mata, suna biyan mai POS lada don ya ba su ita. Wanda ke biyan kuɗi don ya mayar da lambobi takarda yana faɗar ra'ayinsa ne da aljihunsa. Wasu kuma za su ce tsabar kuɗi ce ke jawo ɗan fashi, kuma mai dawowa daga kasuwar shanu da ɗaurin kuɗi a ƙugu yana cikin haɗari. Wannan hujja ce mai ƙarfi, ita ce ma ta sa manyan 'yan kasuwa suka riga kowa rungumar taransifa, kamar yadda kakanninsu suka fifita fatoma a kan jigilar keso. Sai dai ba ta shafi ƙaramin biya ba, kuma ba ta amsa abin da zai faru idan waya ta faɗa rijiya, ko layi ya toshe, ko maigida ya rasu da lambar sirrinsa a ka alhali ga magada na jiran rabo. Waɗannan duka sai da mutum. Mai POS ɗin da ke zaune a bakin kasuwa, wanda aka san mahaifinsa da unguwarsu, a yau ba shi da ikon warware ko ɗaya daga ciki, iyakarsa ya ba da lambar waya ko ya ce a tafi reshen banki. Idan kamfanoni suka ba shi horo da izinin toshe katin da ya ɓata, da sake fitar da wani, da mayar da ƙaramin kuɗin da ya maƙale a ranar, suka kuma ɗaure shi da ajiyar jingina da rajista don kada shi ma ya ci amana, to manomin Zinyau zai samu wanda zai je ya yi wa sallama a Rano ko Kibiya, ya dawo gida kafin magariba.